Awa 212 a littafi, wata 22 a ƙasa

Ranar da na dawo Jos daga Afirka ta Kudu, a watan Fabrairun 2022, tun daga bakin layinmu a Gangare yara suka biyo motar suna ihun "Kyaftin ya dawo!" Mama ta yi girki kamar na ranar suna. Baba ya sa na sanya farar rigar makaranta mai igiya a kafaɗa aka ɗauke mu hoto, kuma har yau hoton yana manne a rumfarsa ta dankali a kasuwar Farin Gada. A cikin jakata akwai lasisin tuƙin jirgin haya da muke kira CPL, da izinin tuƙi da na'urori a cikin gajimare, da izinin jirgi mai inji biyu, sai littafin awannina. Awa 212 ne a ciki. Filin Baba na Rikkos da gidan haya guda su suka tafi a kan waɗannan awanni, da sarƙar Mama ta zinare wadda ba ta taɓa gaya mini ta sayar ba, sai daga baya yayata ta faɗa mini.

Kowa a gida ya ɗauka kafin azumi zan fara aiki. Ni a raina na ba abin wata uku.

Abu na farko, lasisin wata ƙasa ba ya ba ka damar tuƙa jirgin da ke ɗauke da lambar Najeriya, wato mai 5N a jikinsa, sai hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama ta mayar maka da shi na gida. Don haka na tattara na koma Abuja, gidan Kawu a Lugbe, a kan hanyar filin jirgi. Hukumar takan tuntuɓi takwararta ta ƙasar da ka yi karatu ta tabbatar lasisin na gaske ne, ka je wurin likitan da ta amince da shi ya duba ido da kunne da zuciya da jini, ka rubuta jarrabawar dokokin sama, sannan a gwada hannunka. A nan na yi kuskuren da ya ci mini mako bakwai: shafuka uku na ƙarshen littafina babu hatimin makaranta a kansu. Cikin ɗokin dawowa gida ban duba ba. Sai da littafin ya koma Afirka ta Kudu ya dawo, ni kuwa kwana nake ina tunanin idan ya ɓace a hanya. Duk wanda ke shirin baro makarantarsa, ya zauna da malaminsa su bi littafin shafi-shafi kafin ya sayi tikiti. A watan Yuli lasisina na Najeriya ya fito.

Lokacin bai yi wa mai neman aiki daɗi ba ko kaɗan. A watan Mayun shekarar ne ƙungiyar kamfanonin jiragen cikin gida ta yi barazanar dakatar da tashi gaba ɗaya, saboda litar man jirgi ta tashi daga naira 190 zuwa 700. A watan Yuli kuma kamfanoni biyu daga cikin tsofaffi suka tsaya na wani lokaci. Matuƙa masu awa dubu biyar, dubu takwas, suna zaune a gida suna jiran waya. Ni kuma na buga takardar CV guda 30, na saka kowace a farar ambulan, na goge takalmi.

Na fara da ɓangaren jiragen alfarma na filin jirgin Nnamdi Azikiwe, wanda ake kira GAT, inda jiragen gwamnoni da attajirai da na shata suke kwana. Mafi yawan ambulan ɗin a hannun masu gadi suka tsaya. Inda Allah ya sa na samu shiga har gaban babban matuƙin kamfani, tambaya biyu ce ba ta canzawa: "Awa nawa gare ka?" da "Kana da taif?" Wani daga cikinsu, mutumin kirki ne, ya ba ni kujera har ya sa aka kawo mini ruwa. Ya jawo durowar teburinsa ya nuna mini, cike take da ambulan irin tawa har ba ta rufuwa da kyau. Ya ce ko yana so ya ɗauke ni, kamfanin inshorar jirgin ba zai yarda mai awa 200 ya zauna a kujerar dama, ta mataimakin matuƙi, ba, kuma mai jirgin ba zai biya ƙarin kuɗin inshora don ɗan wani ya koyi aiki ba. Ya ɗora tawa a kan sauran, ya tura durowar da gwiwa.

Taif ɗin nan da suke tambaya, taif retin ke nan, shi ne shaidar ƙwarewa a kan samfurin jirgi guda ɗaya. Ni a kan Cessna 172 na koya, na ƙarasa da Piper Seneca mai inji biyu. Babu ɗayansu da ya wuce kujera shida. Babban jirgi kuwa kowane samfuri da karatunsa da jarrabawarsa, kuma na wannan ba ya aiki a kan wancan. Mai taif na Boeing 737 zai nemi aiki a irin su Air Peace da Max Air da Arik da Aero. Mai na Embraer 145 ya duba United Nigeria ko Rano Air, mai na ATR ya duba Overland ko Green Africa, mai na CRJ ya duba Ibom Air ko ValueJet. Idan ka saya a kan samfurin da ba a ɗaukar mutane a kansa a wannan shekarar, ka sayi mabuɗin ƙofar da ba ta gabanka. Da dala ake biya, kuma galibi a ƙasar waje ake yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rashin tsani. A Afirka ta Kudu abokan karatuna 'yan ƙasar suna gamawa suke zama malamai a makarantar, ko su ɗauki masu yawon buɗe ido, ko masu dirowa da lema, su tara awa ɗari biyar, dubu, kafin su doshi manyan kamfanoni. Wasu sukan tafi garin Maun a Botswana su kafa tanti su yi ta jira har a ɗauke su tuƙa Cessna 206 zuwa sansanonin dajin Okabango. A Amurka ma, tun 2013 doka ta ce sai mai awa 1,500 zai zauna a kujerar mataimaki a jirgin fasinja, amma suna da ƙananan ayyukan da za su kai mutum can. Mu a nan ƙananan jirage ba su da yawa, man da suke sha ma wahalar samu gare shi, makarantun da kowa ya sani kuma ba su wuce ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, da ta Ilorin ba. Daga awa 200 sai jet, babu matakala a tsakani. Waɗanda suka tuna ɗalibai 100 da gwamnatin Kano ta tura Jodan koyon tuƙi a zamanin Kwankwaso sun san da yawansu sun dawo da lasisi suka daɗe suna jiran wannan taif ɗin. Na haɗu da biyu daga cikinsu a masallacin filin jirgi, ɗaya yana sayar da tikiti a wani kamfanin tafiye-tafiye.

Zama ya fara yi mini nauyi a gidan Kawu. Ba wanda ya ce mini komai, matarsa ma takan ajiye mini abinci ko na kai dare, amma babba da gemunsa ya riƙa karɓar kuɗin mota a hannun kawunsa abu ne mai ciwo. Sai na roƙe shi tsohuwar Corolla ɗinsa, na fara ɗaukar fasinja tsakanin gari da filin jirgi. Asuba ta fari ina titi, daga Lugbe zuwa Gosa zuwa Sauka, in sauke mutane a bakin tasha in tsaya ina kallon wutsiyoyin jirage ta saman katanga.

A cikin wannan hali ne wani ya haɗa ni da dillali. Muka haɗu a wani wurin cin abinci a Wuse 2. Ya zo da kwat da agogo mai tsada, yana kiran sunayen manya kamar tare suka kwana. Ya ce dala 28,000, a yi mini taif na 737 a Turai, ina dawowa aiki yana jirana, shi ya tsaya mini. Rabin kuɗin a zuba a asusunsa kafin ƙarshen wata don kada gurbin ya wuce. A lokacin dala tana wajen naira 700 a wurin 'yan canji na Zone 4, wato kusan miliyan 20 ke nan.

Da na gaya wa Baba a waya, shiru ya yi na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Gonar Toro tana nan, ga J5 guda ɗaya. Sauran in nema a wurin abokan kasuwa. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski, mun riga mun fara." Gonar nan ta gado ce, da hakkin ƙannensa mata biyu a ciki, kuma J5 ɗin ita ke kai dankali Kano. Na ce masa ya ba ni mako guda.

A cikin makon ne na ɗauki wani dattijo daga Gwarinpa da ƙarfe biyar na asuba. Ya ga littafin yanayin sama a kan kujerar gaba, ya tambaye ni na wane ne. Kafin mu kai Ƙofar Gari na gane tsohon matuƙi ne, ya yi Zariya tun shekarun 1970, ya tuƙa wa Nigeria Airways har ta durƙushe a 2003, ya yi wasu kamfanonin, yanzu ya haura 65 ɗin da doka ta yanke wa matuƙin jirgin fasinja, yana koyar da darasin aji. Na kwashe labarin dillalin na gaya masa.

Ya ce, "Ɗana, ya nuna maka takardar ɗaukar aiki mai sunanka da sa hannun kamfani?"

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe. Ya ce sai na dawo."

"Asusun da za ka zuba kuɗin, na makarantar ne ko nasa?"

Na yi shiru.

Ya ce, "To ka ji. Taif wata 12 yake yi. Idan ba ka hau jirgin ba a cikin wannan lokaci, ya mutu, sai ka sake neman dala ka koma simuleta, na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi, ka tashe shi. Kuma kamfani ba ya ɗokin mai taif da ba shi da ko awa ɗaya a kan jirgin, don sai sun sake horar da shi. Kada ka bari mahaifinka ya sayar da ƙasa a kan maganar baka. Kuɗin da kake samu a motar nan, ka riƙa sabunta medikal ɗinka, wato shaidar likita, da izinin na'urori. Sannan ka nemi kowane irin aiki a cikin kamfanin jirgi, ko na ɗaukar fayil ne. Ranar da za su ɗauki yara, fuskar da suka sani za su fara tunawa."

Da muka isa ya ƙi karɓar canjinsa, ya rubuta mini sunan wani shugaban ɗakin tsara tashi a bayan rasit.

Ba na cewa duk wanda ya sayi taif da kuɗinsa ya yi asara. Na san waɗanda kamfani ya ba su takarda a rubuce cewa su je su yi a kan samfuri kaza su dawo su fara, suka biya makaranta kai tsaye, kuma suna tashi yau. Wannan ciniki ne mai tsada amma a fili yake. Na dillalin daban ne. Da na ce masa ina son takarda daga kamfanin da lambar asusun makarantar, ya ce ban shirya zama matuƙi ba, daga nan bai sake ɗaga wayata ba. Abokina ɗan Gombe, wanda muka yi ɗaki ɗaya a makaranta, shi ya riga ya yi nasa tun farkon shekarar. Ba dillali ya cuce shi ba, makarantar gaskiya ya je, ya ci jarrabawa da kyau. Aikin ne bai zo ba.

Na kira Baba na ce a bar gonar. Ya ce, "Ka tabbata ba don tausayina kake faɗa ba?" Na ce na tabbata. Mama ta karɓi wayar ta ce, "Auta, abin da yake rabonka ba ya wuce ka. Ka dai riƙe salla."

A watan Nuwamban 2022 na fara aiki a ɗakin tsara tashi na wani kamfani, a matsayin ɗan hannun dispaca. Dispaca yana da lasisinsa na kansa, shi da kyaftin suke raba alhakin tsara tafiya, ni kuwa aikina in haɗa masa kaya. Ƙarfe huɗu da rabi na asuba ina kan kujera. In jawo rahoton yanayi na hukumar NiMet na filin da za a je da filin da za a karkata idan an kasa sauka, in jawo sanarwar NOTAM in ja layi a ƙarƙashin duk abin da ya shafe mu, titin da aka rufe ko na'urar da ba ta aiki, in kira masu mai, in tabbatar motar ma'aikata ta ɗauko kowa. Albashin bai kai abin da nake samu a Corolla ba, don haka ranakun hutu ina komawa titi.

Wasu abokaina sun ga kamar na sauka daga matsayina. Ni kuwa a ɗakin nan na fara ganin yadda aikin yake a zahiri. A makaranta an koya mini lissafin mai a takarda. A nan na ga kyaftin ya tsaya a kan allo cikin watan Janairu, hazo ya rufe Kano, nisan gani yana sauka daga mita 1,500 zuwa 800 cikin awa guda, yana auna ko ya ƙara mai ya rage kaya, ko ya jira. Fasinja suna zage-zage a ƙasa, manajan tasha yana kira kowane minti biyar, shi kuma ya ce a kawo masa rahoto na gaba tukuna. Na ga wanda ya tashi ya je ya yi ta kewaye ya dawo Abuja da mutanensa, ya shigo ya sa hannu ba tare da ya ɗaga murya ba. Wannan ba a samunsa a littafi.

Akwai wani kyaftin mai horarwa, mutumin Adamawa, da ya gano ina da lasisi. Sai ya mayar da ita al'ada, kullum yana sa hannu a takardun tafiya yana jefo mini tambaya. Wata safiya ya ce, "Kai ɗan Jos, me ya sa jirgin da zai tashi daga Haifan da azahar a watan Maris ba zai ɗauki nauyin da zai ɗauka a Legas da asuba ba?" Na ce filin Yakubu Gowon na Jos, wanda ke Haifan, yana sama da ƙafa 4,000 daga teku, iska ba ta da kauri a can, zafin rana kuma yana ƙara sirantar da ita, don haka inji ba ya ba da ƙarfinsa duka, fiffike yana buƙatar ƙarin gudu, titi yana yi wa jirgi kaɗan. Ya gyaɗa kai, ya ce to idan inji ɗaya ya mutu bayan an ɗaga, wane mataki na hawa ne yake yanke nauyin, kuma kashi nawa doka take nema ga jirgi mai inji biyu? Na san na taɓa karantawa, amma ya gudu daga kaina. Ya ce, "Gobe." Daren nan ban kwanta ba sai da na sake bin babin gaba ɗaya. Da asuba tun kafin ya ajiye jakarsa na ce, "Kyaftin, mataki na biyu ne, kashi 2.4 cikin ɗari." Ya ce, "Madalla," ya jefo wata. Haka muka yi kusan shekara.

Raya takardu kuwa shi ne yaƙin da ba a gani. Medikal na aji ɗaya wata 12 yake yi. Izinin tuƙi da na'urori shi ma duk shekara sai an sake gwada ka. Shaidar Turancin rediyo, ga mai mataki na huɗu irina, shekara uku ce. Kowanne da ranar mutuwarsa, na rubuta su a jikin ƙofar ɗakina. Na shiga adashe da ma'aikatan ɗakinmu, kwasata ta tafi kacokan a kan awa uku na haya da kuɗin mai jarrabawa. Sannan a watan Yunin 2023 aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta haura 700 cikin kwanaki, a farkon 2024 ta wuce 1,400. Duk abin da ya shafi jirgi ya bi ta. Na yi ta tunanin da an sayar da gonar, da yanzu ina neman ninkin kuɗin don in tashi taif ɗin da ya mutu.

Ranar da na koma cikin ƙaramin jirgi bayan wata goma sha ban taɓa sitiyari ba, hannuna ya yi nauyi. Idona yana makara a kan na'urori, in gyara tsayi sai hanya ta kauce, in gyara hanya sai gudu ya ragu. Kiran rediyo na farko sai da na maimaita. A awa ta biyu abin ya fara dawowa. Na fito rigata sharkaf, na zauna a gindin bishiya na daɗe, saboda na gane cewa da a wannan makon aka kira ni gwaji, da na faɗi. Daga nan na sayi sitiyarin kwamfuta na hannu a kasuwar Banex, kullum bayan isha'i in yi saukar na'ura biyu ko uku a titi na 22 na Abuja, ina faɗin kowane kira da baki kamar da gaske. Ba ya shiga littafi, amma yana riƙe ido.

Na gwada wasu ƙofofin ma. Na cike takardar shiga rundunar sojan sama, na nemi sashen jiragen 'yan sanda, na tambayi kuɗin kwas ɗin zama malamin tuƙi, na aika wa kamfanoni a Tanzaniya da Botswana. Waɗanda suka amsa daga waje sun ce izinin aiki sai an fara duba 'yan ƙasa, kuma awannina sun yi kaɗan.

A watan Nuwamban 2023 kamfaninmu ya ƙaro jirage, aka ce za a ɗauki sababbin mataimaka shida. Ba a buga a jarida ba. Kyaftin ɗin nan ne ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Takardunka suna raye?" Na ce duka. Ya ce in kai wa sakatariyar babban matuƙi kafin azahar. Na tura wa abokina ɗan Gombe saƙo nan take, amma medikal ɗinsa ya mutu tun watan Agusta, kuma kwana uku aka bayar.

Mu 41 muka zauna jarrabawar rubutu: yanayi, dokoki, lissafin nauyi, aikin injin jet. Aka rage mu zuwa 15 aka kai mu simuleta. Ba wanda ya sa ran mun iya jirgin, abin da suke dubawa shi ne ko kana jin gyara. Mai gwajin ya ce mini ina riƙe sitiyari da ƙarfi, in sassauta. A zagaye na biyu na sassauta, ya rubuta wani abu. A saukar ƙarshe na ga ban daidaita da titi ba a ƙafa 500, sai na ce zan sake zagayowa, na tura maƙura. Na fito ina ganin na ɓata. Daga baya na ji cewa waɗanda suka dage suka sauka a karkace su aka fara cirewa. A gaban kwamiti kuma, mutum biyu cikin huɗu sun shekara suna karɓar takarda daga hannuna da asuba. Ba su sassauta mini tambaya ba, amma ba su tambaye ni ko zan iya tashi ƙarfe uku na dare ba.

Takardar ta fito a watan Disamba, wata 22 cif bayan dawowata. Kamfani zai biya taif na Embraer 145, ni kuma in sa hannu zan yi masa shekara huɗu, ana cire wani kaso daga albashina, idan na tafi kafin lokaci in biya ragowar. Sai na kawo mutum biyu da za su tsaya mini, manyan ma'aikatan gwamnati ko masu kadara a Abuja. Wannan ya fi jarrabawar wuya. Ka je gaban mutum ka ce ya sa hannu a kan miliyoyin da bai ci ba. Wani da muke ganin na gida ne ya ce sai ya yi shawara da iyali, bai sake waiwayarmu ba, kuma ban riƙe shi a rai ba. Kawu ne ya ɗauke ni har ofishin daraktansu, ya cire hula ya ce, "Yallaɓai, ɗan ƙanwata ne, a gidana yake shekara biyu, ban taɓa kama shi da ƙarya ba." Mutumin ya karanta takardar har ƙarshe, ya dube ni ya ce, "Samari, kada ka ba kawunka kunya," ya sa hannu. Na biyun wani Alhaji ne abokin cinikin Baba da ke da shaguna a kasuwar Dei-Dei. Na ba wani lauya yarjejeniyar ya duba kafin in sa nawa hannun, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka, musamman sashen da ya faɗi abin da zai faru idan kamfanin ne ya tsaya ba kai ka tafi ba.

A watan Fabrairun 2024 muka tafi Johannesbag. Mako uku na aji, sannan simuleta, kowane zama awa huɗu, sau da yawa ƙarfe biyu na dare don lokacin ne ake samun gurbi. Inji ya kama wuta, iska ta fice daga ɗaki, birki ya ƙi, duk a dare ɗaya. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne aiki da mutum na biyu. Awa 212 na yi ina yin komai da kaina, yanzu dole in faɗi abin da zan taɓa kafin in taɓa, in jira abokin zamana ya tabbatar. Da muka dawo aka ba mu jirgi babu fasinja, kowa ya yi sauka shida. Sannan tashi da fasinja tare da kyaftin mai horarwa, da wani matuƙin a kujerar baya a kwanakin farko. Ranar farko, Abuja zuwa Legas, ban ga komai ta taga ba. Ina bin takardar dubawa, ina amsa rediyo, sai na ji tayoyi sun taɓa ƙasa.

Yanzu littafina ya haura awa 900. Babban lasisi na ATPL sai an kai 1,500, kujerar hagu ta kyaftin kuma tana gaba da haka nesa. Albashi bayan cirewa yana isa in biya haya a Lugbe in aika gida, na kuma fara tara na sarƙar Mama. Gonar Toro an shuka masara a cikinta bana.

Abokina ɗan Gombe yana koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a Kubwa. Taif ɗinsa na 737 ya mutu tun 2023, bashin da aka ci a kansa bai gama biyuwa ba. Watan jiya mu uku da muka yi makaranta tare muka haɗa masa kuɗin medikal, ya je ya yi, ya ci. Saura izinin na'urori, muna kan tarawa. Na yi wa shugaban ɗakin tsara tashi maganarsa, ya ce akwai wanda zai tafi kwas bayan Babbar Salla, kujerar ɗan hannu za ta zama babu kowa, ya zo a gan shi. Da na gaya masa ya tambaye ni ƙarfe nawa ake fara aiki. Na ce huɗu da rabi. Ya ce daga Kubwa babu mota a wannan lokacin, na ce akwai katifa a ɗakina.